Yaron da Ruwa Ya Ci Ya Farfaɗo Ya Ce Ya Ga Kakarsa: Lahira Ya Leƙo?

"Assalamu alaikum Likita. A daminar da ta wuce ɗana na biyu, mai shekara bakwai, ya bi yara wanka a kududdufin bayan unguwarmu, ruwa ya ci shi. Wani mai wankin babur ne ya tsamo shi, ba ya numfashi, jiki ya saki. Aka yi ta danna shi har ya yi tari ya yi amai, aka kai shi asibiti ya kwana huɗu. Alhamdu lillahi ya warke. Bayan kamar mako biyu ina yi masa wanka sai ya ce mini wai da yana cikin ruwa ya daina jin tsoro, ya hango kansa daga sama mutane sun kewaye shi, ya ga wani haske mai daɗi wanda ba ya kashe ido, kuma ya ga Hajiya, mahaifiyata da ta rasu bara waccan, ta ce masa ya koma ina jiransa. Mahaifinsa ya ce mafarki ne, in daina tayar da zancen. Surukata ta ce mutanen ruwa ne suka taɓa shi, a yi masa ruƙiyya. Ƙanena kuma ya ce wannan hujja ce ƙarara ta lahira, har yana so ya ɗauke shi a waya ya sa a intanet. Ni tun ranar ban samu natsuwa ba. Likita, yaron nan lahira ya je ya dawo? Mahaifiyata ce da gaske ya gani?"
Daga wata uwa a Jihar Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Barka da arziki, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa yaro lafiya, ya raya miki shi, ya jiƙan Hajiya da rahama. Bawan Allahn nan mai wankin babur kuma, in da hali ku neme shi ku yi masa alheri, don ta hannunsa Allah ya bar muku yaron. Asibiti ƙarashen aiki kawai ya yi.

Na shekara ashirin da wani abu ina duba yara, yawanci a sashen gaggawa, kuma babu daminar da ba a kawo mana waɗanda ruwa ya ci: daga kududdufi, daga rijiya, daga ramin da masu bulo suka haƙa suka bari, har daga bahon wanki a tsakar gida. Don haka tambayarki ba baƙuwa ba ce a wurina. Yadda na fahimce ta, kina son ki san ko yaron ya mutu ne ya dawo, daga ina abin da ya gani ya fito, kuma ko za a iya kafa hujja da shi a kan lahira kamar yadda ƙanenki yake so. Bari in faɗa miki matsayina tun daga farko, sannan in bi da ke hanyar da na bi na iso gare shi. Ɗanki bai mutu ba, saboda haka bai zama shaidar gani da ido a kan lahira ba. Amma ba ƙarya yake yi ba, ba taɓin hankali ba ne, kuma ban ga alamar shafar aljanu a abin da kika rubuta ba. Abu ne ya faru da shi na gaske, wanda ya faru da dubban mutane kafin shi.

Abin da ruwa ke yi wa jiki

Yaron da ke nutsewa ba ya ihu, shi ya sa sau da yawa abokan wasansa suna gefensa ba su ankara ba. Bakinsa yana fitowa yana komawa, duk ƙarfinsa ya tafi ga neman shaƙa ɗaya. In ya nutse sai ya riƙe numfashi, kuma yaro ba ya kai minti ɗaya a haka. Gurɓatacciyar iskar da ya kamata ya fitar tana taruwa a jini har ta tilasta masa buɗe baki, ruwa ya shiga. Wani lokaci maƙogwaro yakan shaƙe da kansa na ɗan lokaci. Ko ta wace hanya, iskar oksijin tana raguwa a jini, kuma cikin kamar minti biyu yaro ya fita hayyacinsa. Zuciya ba ta tsayawa nan take. Takan ci gaba da bugawa na wasu mintoci, tana sanyi tana sanyi, kafin ta tsaya.

Wannan tazarar ce nake so ki riƙe. Babban mutum da zuciyarsa ta tsaya farat ɗaya, cikin daƙiƙa goma ya sume, kafin rabin minti na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa ta daina nuna motsi. Wanda ruwa ya ci kuwa a hankali yake gangarawa, yana ratsa wani yanayi tsakanin farke da suma, kuma in an ceto shi ta nan zai sake ratsowa. Yaron da ya yi tari ya yi amai a bakin ruwa, ya bar asibiti a kwana huɗu, ya ci gaba da magana da wasa, ni a wurina alama ce ta cewa mintoci kaɗan ya yi a ƙasa, kuma da wuya in zuciyarsa ta tsaya gaba ɗaya. Bugun yakan yi rauni har wanda ba ma'aikacin lafiya ba ya taɓa bai ji komai ba. Yawancin waɗanda aka tsamo kafin minti 5 suna warkewa sarai. In ya wuce minti 10 lamarin ya yi tsanani, bayan minti 25 kuwa da ƙyar ake samun mai tashi lafiya. A ƙasashen ƙanƙara akan samu abin mamaki: a 1986 a Jihar Yuta ta Amurka wata yarinya 'yar shekara biyu da rabi ta yi minti 66 cikin rafi mai tsananin sanyi kuma ta rayu, domin sanyin ya rage wa ƙwaƙwalwarta buƙatar iska. Ruwanmu mai ɗumi ne, ba ya ba da wannan rangwamen.

Bahaushe yana da sunan wannan hali tun kafin zuwan asibiti: dogon suma. In aka ce wane ya mutu har an fara haɗa ruwan wanka sai ya yi atishawa, dattawa ba sa cewa ya dawo daga lahira, cewa suke dogon suma ya yi, yana da sauran kwana. Na fi yarda da wannan kalma fiye da wadda likitocin Turai ke amfani da ita, domin su tsayawar zuciya da numfashi na ɗan lokaci ma suna kiran ta wani nau'in mutuwa, kuma daga nan ruɗanin yake shigowa in an fassara labaransu. Wanda aka iya farfaɗo da shi yana bakin ƙofa ne, bai shiga ba.

Ba ɗanki ne farau ba

Wani hafsan sojan ruwan Ingila, Francis Beaufort, wanda har yau ake amfani da ma'aunin ƙarfin iska mai sunansa, ya faɗa ruwa a tashar jiragen Fotsmos yana matashi, bai iya iyo ba. Shekaru da yawa bayan haka ya rubuta wa wani likita abokinsa cewa da ya daina fafutuka sai wata irin natsuwa ta sauko masa, tsoro ya tafi, rayuwarsa ta riƙa wucewa a gabansa daga ranar zuwa yarinta. Ki duba abu na farko da ɗanki ya faɗa miki: ya daina jin tsoro.

A 1975 wani Ba'amurke, Raymond Moody, ya tattara irin waɗannan labarai ya raɗa musu suna da Turanci, "near-death experience", wato abin da mutum ya gani a bakin mutuwa, abin ya yi tashe. A 1983 wani likitan ƙwaƙwalwa, Bruce Greyson, ya tsara tambayoyi 16 da ake auna su da su: natsuwa, haske, jin an rabu da jiki, haɗuwa da mamata, isa wata iyaka da ba a ƙetarewa a dawo. Ɗanki ya ambaci kusan duk waɗannan ba tare da ya taɓa jin sunan Greyson ba.

Binciken da aka yi a kan yara ma da nutsewa ya soma. A 1982 wani likitan yara, Melvin Morse, ya kula da wata yarinya 'yar shekara bakwai, sa'ar ɗanki, da ta nutse a wurin ninƙaya a garin Fokatelo na Jihar Aidaho. Ta yi kwana uku a sume, ta tashi lafiya. Daga baya ta ba shi labarin wani dogon lungu mai duhu, da wata mace da ta yi mata jagora, da tambayar da aka yi mata ko za ta zauna ko za ta koma wurin mahaifiyarta. Ya wallafa labarin a 1983. A 1986 shi da abokan aikinsa suka yi hira da yara 11 da suka tsira daga tsayawar zuciya ko suma mai zurfi, 7 daga cikinsu suka tuna wani abu irin wannan. Suka kuma tambayi wasu yara 29 da suka yi jinya mai tsanani, aka ba su magunguna masu sa maye, amma ba su kai bakin mutuwa ba, babu ko ɗaya da ya tuna komai. Yara 11 ba su da yawa, ba a gina babban hukunci a kansu. Wanda ya fi nauyi shi ne na likitan zuciya Pim van Lommel a Holan, da ya fito a mujallar Lancet a 2001: mutum 344 da aka farfaɗo da su a asibitoci 10, daga ciki 62, wato kashi 18 cikin ɗari, suka ba da irin wannan labari.

Nawa aikin ya yi daidai da haka. Mafi yawan yaran da na gani ba sa tuna komai: ina wasa, sai na gan ni a gadon asibiti. Amma ba zan manta da wata yarinya 'yar kimanin shekara tara da ta faɗa rijiya ba. A kwana na uku ina sauraron ƙirjinta, ba wanda ya tambaye ta, sai ta ce mini, "Likita, a can ƙasa akwai fitila." Na ce wace irin fitila? Ta ce ba ta da zafi, kuma tana kiran mutum. Uwarta ta tsawata mata, ta yi shiru, ba ta sake tayar da maganar ba har aka sallame su. Na daɗe ina jin zafin rashin zaunar da uwar in ce mata ta bar yarinyar ta ƙarasa.

Daga ina abin yake fitowa

Likitanci yana da bayani a kan guntayen abin, ɗaya bayan ɗaya. Matuƙan jiragen yaƙi a Amurka akan sa su cikin wata na'ura mai juyawa da gudu har jini ya janye daga kai su sume na 'yan daƙiƙoƙi. Likitan da ya daɗe yana nazarinsu, James Whinnery, ya rubuta cewa ganinsu yakan tsuke daga gefe ya koma kamar leƙen bututu, wasu su ji suna shawagi, wasu su yi gajeren mafarki mai haske da iyalinsu a ciki. A 2002 a Janiba, Olaf Blanke yana binciken ƙwaƙwalwar wata mata mai farfaɗiya, ya taɓa wani gurbi a saman kunnen dama ta baya da 'yar wutar lantarki, nan take ta ce tana hango kanta kwance a gado daga sama. Wannan gurbin shi ne yake haɗa abin da ido ya gani, da abin da fata ta ji, da ma'aunin tsayuwa na cikin kunne, ya gaya wa mutum ga inda jikinsa yake. In ya rikice, mutum yakan ji ya bar jikinsa. A 2010 wani ƙaramin bincike a Siloveniya a kan mutum 52 ya gano cewa 11 da suka ba da labari sun fi sauran yawan gurɓatacciyar iska a jini, kuma wannan iskar ita ce take cika jinin wanda ruwa ya ci.

Akwai kuma allurar ketamin, wadda muke yawan amfani da ita a asibitocinmu in za a yi wa yaro ɗinki ko wankin ƙuna. Na sha tsayawa a kan yaro yana farfaɗowa daga ita yana cewa ya tashi sama, ko ya ga mutane masu fararen kaya, wani yana dariya wani yana kuka. A Jami'ar Mishigan kuma, Jimo Borjigin ta nuna a 2013 cewa ƙwaƙwalwar ɓera takan yi wani irin tashin aiki mai ƙarfi cikin daƙiƙa 30 bayan tsayawar zuciya, a 2023 kuma ta ga makamancinsa a mutum biyu cikin huɗu da suka cika a ɗakin kulawa ta musamman. Wato ƙwaƙwalwa ba kamar fitila take mutuwa da an danna makunni ba, kamar aci-balbal take, da kan yi wani haske kafin mai ya ƙare. Sai dai waɗannan mutane biyu ba su tashi sun faɗi ko sun ga wani abu ba.

To, da na tsaya a nan da na gaskata mahaifin yaron ɗari bisa ɗari. Amma gaskiya ta wajabta in faɗi inda bayanin yake ɗingishi. Duk mutum 344 na van Lommel sun rasa iska a ƙwaƙwalwa, me ya sa 62 kaɗai suka ga wani abu? Ƙarancin iska yawanci ruɗewa yake kawowa da sambatu da mantuwa, su kuwa waɗannan labarai a tsare suke zuwa, mai su yana cewa sun fi masa farke haske, kuma yana riƙe su shekara da shekaru ba kamar mafarki ba. Ta wani gefen, tun 1892 wani masanin duwatsu na Suwizalan, Albert Heim, ya tattara labaran mahaya tsaunuka da suka faɗo daga sama, suka ji natsuwar nan da wucewar rayuwa a gaban ido cikin daƙiƙoƙin faɗowa, alhali iska ba ta yanke musu ba. Ke nan wani lokaci ganin mutuwa ido da ido ma ya isa ya tayar da abin. Babu dalili guda da ya rufe kowane labari.

Masu ganin cewa rai ne yake fita da gaske sun yi ƙoƙarin gwadawa, kuma ina yaba musu. Sam Parnia ya jagoranci wani aiki a asibitoci 15 na Birtaniya da Amurka da Ostiriya, aka ajiye hotuna a kan wasu kantoci can sama, inda sai mai leƙowa daga rufi zai gan su. An bi tsayawar zuciya 2,060, sakamakon ya fito a 2014. Mutum ɗaya ya siffanta abin da ya gudana a ɗakin daidai, amma inda abin ya same shi babu kantar hoto. Babu wanda ya ga hoton. An sake gwadawa a asibitoci 25 da mutum 567, sakamakon ya fito a 2023, nan ma ba wanda ya faɗi hoton. Wannan bai tabbatar da cewa babu komai ba, don waɗanda suka rayu har aka yi hira da su 'yan kaɗan ne. Amma hujjar da ƙanenki yake zaton tana hannu, masu nemanta da kayan aiki sun shekara fiye da goma ba su kama ta ba.

Sai batun wanda ake gani. A 1986 Satwant Pasricha da Ian Stevenson sun wallafa labarai 16 daga Indiya. Yawancinsu 'yan aiken Yama, ubangijin mutuwa a addinin Hindu, suka gani sun zo sun tafi da su, aka duba littafi aka ce an yi kuskuren suna, a mai da shi. Yarinyar Aidaho daga gidan mabiya ɗarikar Momon, wani reshe na Kiristanci, ta fito, kuma da kalmomin gidansu ta siffanta abin da ta gani. Ɗanki Hajiya ya gani. Wasu suna cewa wannan ya nuna daga cikin kai abin yake fitowa, wasu suna cewa abu ɗaya ne kowa ke sa masa rigar garinsu. Na'urata ba ta raba wannan gardama. Abin da nake aunawa bugun zuciya ne da iskar jini da wutar ƙwaƙwalwa. Ruhi ba ya cikin abin da aka ba ni ma'auninsa, kuma Allah ya riga ya faɗa a Suratul Isra'i, aya ta 85, cewa ruhi daga al'amarin Ubangiji yake, ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan.

Ta fuskar addini

Ni likita ne, ba malami ba, don haka abin da zan faɗa a nan ki kai shi gaban malamin da kika amince da iliminsa. Amma akwai abubuwan da suke a fili. A Suratul Muminun, aya ta 99 da ta 100, wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mai da shi, aka ce a'a, a bayansu akwai shamaki har ranar tashi. Wannan shamakin shi ne barzahu. A ƙarshen Suratul Munafiƙun kuma an ce Allah ba ya jinkirta wa rai in ajalinsa ya zo. Saboda haka wanda ya dawo, ajalinsa bai zo ba, bai ƙetare shamakin ba. A nan likita da malami da dattijon da ya ce dogon suma duk bakinsu ɗaya.

Sai dai wannan bai rufe ƙofa gaba ɗaya ba. Aya ta 42 a Suratuz Zumar ta ce Allah yana karɓar rayuka lokacin mutuwarsu, da waɗanda ba su mutu ba a cikin barcinsu, sai ya riƙe wanda ya hukunta wa mutuwa, ya saki ɗayan zuwa wani lokaci ambatacce. Barci ƙanen mutuwa da muke faɗa, ga tushensa. Ibnul Ƙayyim a littafinsa na ruhi ya tattauna ko rayukan masu rai da na mamata suna haɗuwa a barci, ya kafa hujja da wannan aya cewa suna haɗuwa. A Sahihul Buhari kuma Nu'umanu ɗan Bashir ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Rawaha ya suma, 'yar'uwarsa Amra ta fara kuka tana kirarinsa, da ya farfaɗo ya ce mata duk abin da ta faɗa sai an tambaye shi, kai haka kake? Ibnu Abid Dunya, wanda ya rasu a shekara ta 281 bayan Hijira, littafi guda ya yi a kan mutanen da aka ɗauka sun mutu suka tashi suka yi magana. Magabata sun san abin, sun rubuta shi, amma ba su ɗora aƙida a kansa ba.

Ni inda na ajiye abin da ɗanki ya gani shi ne kusa da babin mafarki. Hadisi ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci. Abin da ya zo wa yaro da natsuwa, ya mai da shi ga mahaifiyarsa, bai umarce shi da saɓo ba, ba shi da kamar tsoratarwar Shaiɗan. Ko rahama ce Allah ya nuna masa a siffar kakarsa, ko zuciyarsa ce a cikin tsananin tsoro ta nemo fuskar da ta fi ba shi aminci, babu mai iya yanke miki, kuma na biyun ma ai rahama ce. In kin ji sanyi a ranki da tunanin cewa Hajiya ce, ban ga laifi ba. Abin da ba za ki yi ba shi ne ki mai da shi labarin tabbas a kan makomarta ko a kan yadda lahira take.

Ƙanenki niyyarsa mai kyau ce, amma ina ji masa tsoron inda hanyar take kaiwa. Hasken nan Musulmi ya gan shi, Kirista ya gan shi, Bahinde ya gan shi, wanda bai yarda da Allah ba ma ya gan shi. Wasu kuma abin tsoro suka gani, cikinsu har da mutanen kirki. In wannan ne hujjar, me ta tabbatar, kuma wa ta gaskata? In gobe wani ya haɗa allurar da ke kawo duk abin da ɗanki ya gani, imanin da aka jingina da labarin sai ya faɗi tare da shi. Farkon Suratul Baƙara ya siffanta masu taƙawa da cewa suna imani da gaibi. Lahira mun san ta ne ta hanyar wahayi. Kuma duk mun sha ganin saƙonnin da ke yawo a waya na wane ya mutu ya dawo ya ga su wane a wuta. Ƙofar da ƙanenki zai buɗe da gaskiya, ta nan maƙaryata suke shigowa.

Abin da nake ba ki shawara

Kada a ɗauke shi a waya. Yaro ɗan shekara bakwai bai san me ake nufi da a sa shi a intanet ba, kuma abin da ya shiga can ba ya fita. Zai girma ana nuna shi ana cewa ga wanda ya je lahira. Na taɓa ganin wani yaro da aka yi ta kira gaban baƙi ya maimaita labarinsa. Farkon da na ji shi haske ne kawai da wani mutum. Da suka dawo bayan wata uku, labarin ya samu mala'iku da gada da ma'auni, duk abin da ake karantarwa a Islamiyya. Ba ƙarya ya shirya ba. Yaro yana karanta fuskar manya, in ya ga inda idonsu ke haske sai ya ƙara a wurin, har shi kansa ya kasa raba abin da ya gani da abin da aka sa masa a baki. In kina son ki adana, ki rubuta abin da ya faɗa miki ranar wankan nan, da kalmominsa, ki sa kwanan wata ki ajiye masa. In ya tayar da zancen ki saurara, ki ce "sai me ya faru?", kada ki ce "ka ga Aljanna ko?" In bai tayar ba ki ƙyale shi. Mahaifinsa yana da gaskiya da ya ce kada a yi ta tono, amma a roƙe shi kada ya ce wa yaron ƙarya yake ko ya yi masa dariya.

Surukarki kuma a bi ta da girmamawa. Addu'a ba ta da illa: Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu lokacin kwanciya, ke ko mahaifinsa ku tofa masa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a turara masa hayaƙi a rufe shi da bargo, huhun da bai daɗe da shan ruwan kududdufi ba, ko a dake shi, ko a yi ta ihu a kansa ana cewa wani ya fita. Kada ma a faɗa a gabansa cewa mutanen ruwa sun taɓa shi. Abin da yake tunawa da daɗi sai a mayar masa da shi abin firgita.

Ki sa ido a kan wasu abubuwa na tsawon watanni. In yana firgita cikin dare, ko ya koma fitsarin kwance, ko yana ƙin wanka, ko ya daina shiga yara, to tsoron nutsewar ne bai sake shi ba, kuma ana maganinsa. Ki tambayi malaminsa ko karatunsa ya ja baya, ko ya fara mantuwa, domin ƙarancin iska yakan bar ɗan tabon da ba a gani sai a aji. In ya yi jijjiga, ko yana ƙura ido ya ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi ana kira ba ya amsawa, ku koma asibiti. Wanda na fi so ki riƙe: in ya taɓa cewa yana son ya koma wurin hasken ko wurin Hajiya, kada ki ɗauke shi shirmen yara. Yaro bai gama gane cewa mutuwa ba a dawowa ba, shi kuma a ganinsa ya je ya dawo. Ki gaya masa a fili cewa ruwan nan kisa yake yi, kuma ku ga likita a ranar.

Kududdufin yana nan, damina kuma za ta dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A watan Nuwamba na 2021 ɗin ne jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, yawancin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. Mutanen unguwarku su je wa mai unguwa a kan a katange ramin ko a cike shi. Kuma kowa ya sani: in an tsamo yaro ba ya numfashi, ba danna ciki ake yi ba, ba a kuma riƙe shi ta ƙafa a zazzage. Wannan ɓata lokaci ne, yana kuma tura amai cikin huhu. A kwantar da shi rigingine, a ɗan ɗaga haɓarsa, a toshe hanci a hura masa numfashi a baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a yi ta maimaitawa har ya motsa ko a isa asibiti. Ko ya tashi yana magana, a kai shi a duba, don huhu yakan rikice bayan wasu awoyi.

Wata rana zai tambaye ki, "Umma, ina Hajiya take yanzu?" Ki ce masa tana wurin Allah, muna yi mata fatan rahama, kuma addu'arsa tana isa gare ta. Ki koya masa ya riƙa roƙa mata gafara da bakinsa bayan salla. In kin yi sadakar ƙosai ranar Juma'a saboda ita, ki ba shi kwanon ya miƙa da hannunsa.